Kalkuletar da ke cikin durowa: daga ina ta fito, me ke kashe ta

Ranar 1 ga Janairu 1973 Najeriya ta ajiye fam da sule, ta ɗauki naira da kwabo. Yaran yanzu ba su san nauyin da aka sauke wa 'yan kasuwa ranar ba. A da kwabo 12 ne sule guda, sule 20 ne fam guda, ga sisi ga taro a tsakani, sai mai kaifin kai ke haɗa cinikin yini ba tare da ya rikice ba. Da aka koma kwabo 100 naira ɗaya, lissafi ya zama na goma-goma, irin wanda na'ura ta iya. Abin ya zo daidai, domin a watan Agusta na 1972 kamfanin Casio na Japan ya fitar da kalkuletar Casio Mini a kan yen 12,800, kuma kafin shekara ta zagayo ya sayar da miliyan guda. Qatar ma, inda nake wannan rubutu daga unguwar Al Thumama, a 1973 ɗin ta fara buga riyal nata ita kaɗai, bayan wanda ta yi tarayya da Dubai.

Kafin shekarun 1970 kalkuleta ba kayan aljihu ba ce. Wadda 'yan'uwan gidan Kashio, masu Casio, suka ƙera a 1957, mai suna 14-A, nauyinta kilo 140. ANITA ta Ingila ta biyo a 1961, sai ta Sharp a 1964 mai kilo 25, kuɗinta ya kusa na mota. Kamfanonin Japan suka shiga gasar ƙanƙantawa da karya farashi, kuma a cikin wannan gasa ne aka yi abin da ya sa nake ganin bai dace a raina wannan na'ura ba. Wani kamfani mai suna Busicom ya je wurin Intel a Amurka a 1969 yana neman a ƙera masa ƙwaƙwalwar sabuwar kalkuletarsa. Ted Hoff ya ba da shawarar a rage tarin ƙananan sassan lantarki da suka nema, a yi guda ɗaya wadda za a riƙa ba umarni. Federico Faggin da Masatoshi Shima suka zauna a kan aikin, a 1971 aka sami Intel 4004 mai tiransisto 2,300. Ita ce kakar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta wayar da kuke karanta wannan da ita. Busicom kuwa bai ci moriyar abin ba: kuɗi suka yanke masa, ya sakar wa Intel haƙƙin sayar da ita ga kowa, a 1974 ya karye.

Daga nan sai kalkuleta ta bazu. Ta shiga Kantin Kwari, ta zauna a hannun 'yan canjin Wapa, ta shiga jakar ɗaliban kimiyya. A kasuwannin Doha har tafinta take yi: mai shago ya danna farashi ya juyo maka, kai ma ka danna naka ka mayar masa, a daidaita ba wanda ya ji yaren wani.

Mai son gane shekarun tsohuwar kalkuleta ya dubi fuskarta. Jajayen lambobi ƙanana na farkon shekarun 1970 ne, irin na HP-35 da aka sayar dala 395 a 1972. Masu haske kore ko shuɗi-shuɗi a cikin kwalbar gilashi sun yi tashe a wannan zamanin, su ma ga shan batir. Sai Sharp ta kawo EL-805 a 1973, mai fuskar LCD, wadda batir ɗaya ke riƙewa awa 100. Wannan fasaha ce ta kori sauran.

Kowace fuska da ciwonta. A mai jan lamba ko kore, idan wani sashe na lamba ya ɗauke, sau da yawa dalma ce ta tsage a ƙafar fuskar, a sake narka ta ya dawo. A LCD kuma, idan 8 ta koma 0 ko 3, yawanci gilashin lafiyarsa ƙalau. Tsakaninsa da allon akwai siririyar roba mai zane-zane da ke kai wuta, ko wata leda mai layukan baƙi da aka manna da zafi. Robar a cire ta a hankali, a goge ta da wurin zamanta da sifirit, a mayar a ɗaure sukurori daidai. Ledar ta fi wuya, sai a bi ta da ɗumi kaɗan ana dannawa, zafi ya yi yawa ta narke, shi ke nan. Idan tsakiyar fuskar ta yi duhu kamar ta ƙone, ledar saman gilashin ce ta tsufa, ana ɓare ta a sa sabuwa. Amma in baƙin tabo ya malala a cikin gilashin kansa, kada mai gyara ya karɓi kuɗinka, wannan sai canji.

Babban makashin dai batir ne, kuma laifin namu ne. Batir ɗin alkalin idan ya mutu aka bar shi a ciki, iska na taruwa a cikinsa har ta fasa bakinsa, ruwa mai cin fata ya tsiyayo. Shi ne ke bushewa ya zama farin garin nan, ya ci sifirin, ya bi waya ya hau allo, ya mayar da layukan tagulla kore. Zafi na hanzarta wannan. A nan Doha rani kan haura digiri 45, ga laimar teku a watan Agusta, don haka kalkuletar da aka manta a mota ko a sito ba ta da tsawon rai. Mai zuwa Souq Haraj neman tsofaffin kaya ya fara buɗe murfin batir kafin ya tambayi kuɗi.

Maganin yana kicin. A sa safar hannu, a kiyaye ido, a kankare garin da tsohon buroshin haƙori. A ɗiga ruwan khal ko lemon tsami da auduga, za a ga yana kumfa, alamar yana kashe gubar ke nan. Sai a bi da sifirit, a bar ta ta bushe sarai kafin a sa mata wuta. Sai dai a lura, batir mai arha irin na tocila da rediyo shi ruwansa mai tsami ne, bekin soda ake sa masa. Layin tagullar da ya yanke a haɗa shi da siririyar waya. Kuma don Allah kada a cusa mata cajar da aka tsinta don kawai bakin ya shiga, nan ne ƙwaƙwalwar ke ƙonewa, ita kuwa an daina ƙera ta tuntuni.

Duk wanda ya san akwai kalkuletar mahaifinsa ko ta tsohon shagonsu a durowa, ya tashi yau ya cire mata batir. In kun buɗe, ku turo hoton fuskarta da lambar da ke bayanta, mu ga ta wace shekara ce.