2.3 Tarihin Shugabanci a Rukunin Na'urori Marasa Waya

A shekarar 1973 hukumar DARPA ta Amurka ta fara aikin PRNET, inda rediyoyin soja ke miƙa wa juna saƙo. Da farko tasha ce ke tsara musu hanya, don haka in ta lalace sai sadarwa ta rikice. A 1981 Baker da Ephremides suka ba da shawarar raba na'urorin rukuni-rukuni, kowane da shugaban da aka zaɓa bisa lambarsa. Domin jiragen ruwan yaƙi suka tsara shi.

A ganin wannan nazari, raunin tsarin ya bayyana ne da aka kai shi ga ƙananan na'urorin hannu. Shugaba ke ɗaukar saƙonnin rukuninsa, batirinsa ke fara ƙarewa, lamba kuwa ba ruwanta da wannan. Shi ya sa tsarin WCA na 2002 ya sa ƙarfin batir da yawan motsi cikin sharuɗɗan zaɓe.