Daga Karaga Zuwa Maijirgi: Sojan Haya da Ubangidansa

Sa'ad da sojojin hayar Wagner suka juya wa gwamnatin Rasha baya a ranakun 23 da 24 ga Yuni, 2023, suka kama birnin Rostov, suka doshi Mosko har ya rage musu kimanin kilomita 200, mutane da yawa a nan Aboabo sun ɗauki abin a matsayin wani sabon al'ajabi na Turawa. Yaya za a yi mutum yana tsakiyar yi maka yaƙi, kai ka ba shi bindigar, kai ke biyansa, ya waiwayo da ita kanka? Ni dai ban ga sabon abu ba. Ƙasar da muke zaune a cikinta ta ga irin wannan tun shekaru 150 da suka wuce, kuma ba sau ɗaya ba. Inda abin ya soma, wato Karaga, ba ta da nisa da Tamale. Kabarin jagoran tafiyar kuwa yana Yandi, kimanin kilomita 100 gabas da mu.

Sai mun fara da bashi kafin mu zo kan bindiga. Tun ƙarni na 18, zamanin Na Gariba, sarautar Dagwamba ta shiga ƙarƙashin Tonawa, wato Asante, kuma gaisuwar da ake kai wa Kumasi har da bayi. Sarkin da ake bin sa bayi duk shekara, in bai so ya miƙa talakawansa ba, dole ya nemo na wasu. Wuri mafi sauƙi shi ne arewa maso yamma, ƙasashen da aka haɗa aka ba su suna ɗaya, Gurunshi, ko da yake a ciki akwai Sisala, da Kasena, da Nuna, da Bulsa, kowa da harshensa. Ba su da babban sarki ɗaya, ba su da rundunar dawaki. Kowane gari da kansa yake tsaye.

A cikin wannan hali ne, wajen shekarun 1860, wasu Zabarmawa suka sauka a Dagwamba. Sun fito ne daga gaɓar Kwara, yankin Yamai ta yanzu, ƙasar da ta daɗe cikin yaƙi tsakanin masu bin Gwandu da masu yi mata tawaye tare da Kabawa. Samarin da suka tashi a irin wannan wuri sun san doki, sun san mashi. Shugabansu malami ne, Alfa Hano, tare da shi akwai Gazari, sai kuma wani ƙarami a cikinsu, Babatu, mutumin Ndunga. Ruwayar da aka fi ji ita ce dawaki suka kawo sayarwa, sarakuna suka karɓa bashi, biya ya yi jinkiri, suka zauna a Karaga wurin Karaga Na Adama suna jiran kuɗinsu. Da aka tashi hari ƙasar Gurunshi sai aka ce su zo a tafi tare, abin da aka samu a biya su a ciki.

A ganina nan ne aka yi kuskuren da ya haifi duk abin da ya biyo baya. Matuƙar ladan soja yana fitowa daga aljihun sarki, sarki yana da linzami a hannu. Amma ran da ka ce wa mai mashi ya je ya ɗebo ladansa da kansa daga garin da ya ci, ka koya masa lissafin da ba zai manta ba: shi ya hau dokin, shi ya sha kibiya, shi ya kamo bayin, to kai mene ne aikinka ban da karɓar kaso? An ba kura ajiyar nama, an kuma nuna mata hanyar mahauta.

Haka kuwa aka yi. Da rundunar Dagwamba ta juyo gida, Zabarmawa suka ƙi dawowa. Suka samu masu gayyatarsu a cikin Sisala, garin da ke rigima da maƙwabcinsa ya kira su su taya shi, su kuma su karɓi lada daga wannan, su kwashi ganima daga wancan. Dagwamba ba ta yi shiru ba. Andani, wanda a lokacin yake sarautar Sabelugu kafin ya zama Ya Na, ya ɗauki runduna ya bi su don ya dawo da su ƙarƙashin iko. Bai iya ba. Daga nan barorin jiya suka zama masu ƙasar kansu, da sansani a Kasana kusa da Tumu, daga baya ikonsu ya kai Sati da Lewo a cikin Burkina Faso ta yau.

Wani abin lura: a Fabrairun 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Tonawa a arewa ya karye, Dagwamba ta daina kai bayi. Bashin da ya sa aka nemo mayaƙan ya faɗi. Amma mayaƙan suna nan, kuma a lokacin ne ma suka fara ƙarfi.

Alfa Hano ya rasu, Gazari ya gaje shi, bayan Gazari sai Babatu. A hannun Babatu abin ya zama inji mai juya kansa. A kama mutane a kai kasuwa, a sayo dawaki daga Mosawa, a sayo bindiga da albarushi daga kudu, a koma a kamo wasu. Hare-harensa sun kai har Wa a ƙarshen shekarun 1880. Bafaranshen nan Binger, da ya ratsa yankin a 1888 kafin ya sauka Salaga, ya ba da labarin garuruwan da ya tarar kufai. A nan kuma akwai maganar da mu 'yan zango ba mu cika son yi ba. Waɗannan bayi ba iska ce ta saye su ba. A Salaga da Kintampo fatake ne suka saye su, aka yi musayarsu da goro, kuma da yawa daga cikin fataken Hausa suke ji. A rundunar Babatu ma akwai Hausawa, da Fulani, da Mosawa. Cikakken labarin yaƙe-yaƙen nan da ya zo mana a rubuce, da Hausar ajami aka rubuta shi, da alƙalamin wani Malam Abu, wajen 1914. Rubutun yana ajiye a Landan, wani masani ɗan ƙasar Folan ya buga shi a 1992. Harshenmu ne ya adana labarin saboda da harshenmu aka yi cinikin.

Zabarmawan asali ba su da yawa. To da wa aka yi duk wannan yaƙi? Da 'ya'yan Gurunshi. Yaron da aka kama yana ƙarami, in yana da ƙarfi ba a sayar da shi, sai a ba shi bindiga. Ya girma a sansani, ya musulunta, ya koyi Zabarmanci da Hausa, in ya nuna jarunta a ba shi mutane ya riƙe. A hankali mafi yawan dakarun Babatu suka zama mutanen ƙasar da yake ci. Duk wanda ya bi labarin Wagner zai tuna yadda Prigozhin ya riƙa shiga gidajen yari yana ɗibar fursunoni zuwa Bakhmut. Mai neman soja mai araha kullum wurin wanda ba shi da zaɓi yake zuwa.

Ɗaya daga cikin yaran nan shi ne Amariya, wanda Faransawa ke rubutawa Hamaria. Ya tashi bawa, ya zama ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙin Babatu. A tsakiyar shekarun 1890 ya ɓalle, dakarun Gurunshi masu yawa suka bi shi da bindigoginsu, ya kira kansa sarkin Gurunshi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin abin mamaki ba. Ƙasa ta riga ta ƙare, garuruwan da za a ci sun ragu, inji kuwa yana neman abinci. In aka ci gaba da haka, wata rana harin zai faɗa kan garin uwar wanda ke riƙe da bindigar. Kuma lissafin da Zabarmawa suka yi a kan Dagwamba, shi ne Amariya ya yi a kansu: mu ne ke yaƙin, su wane ne?

Lokacin da ya zaɓa shi ne ya sa boren ya zama na mutuwa. Babatu yana tsakiyar wuta ta ko'ina. Daga yamma rundunar Samori, ƙarƙashin ɗansa Sarankye Mori, ta iso Wa a 1896. Daga kudu Ingila ta riga ta turo George Ekem Ferguson, Bafante mai safiyo, yana bin sarakuna da takardun yarjejeniya. Daga gabas Jamusawa sun ci Dagwamba a Adibo a Disamban 1896, suka shiga Yandi. Daga arewa kuma ga Faransa. Amariya ya san shi kaɗai ba zai gama da tsohon ubangidansa ba, sai ya nemi sabo. A Satumban 1896, a Sati, ya sa hannu a yarjejeniya da wasu matasan hafsoshin Faransa biyu da suka fito daga cin Wagadugu. A ranar 14 ga Maris, 1897, a Gandiyogo, sojojin Faransa da mutanen Amariya suka karya rundunar Babatu. Aka sake kora shi a watan Yuni. Amariya ya rabu da Babatu, amma ƙasar da ya ce shi ne sarkinta, a Yunin 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka ja layi suka raba ta biyu. Shi ya sa yau Bakasene na Paga ɗan Gana ne, ɗan'uwansa na Po ɗan Burkina.

Sunayen hafsoshin nan biyu Voulet da Chanoine. Mai karatu daga Konni ko Tasawa ya riga ya gane su, ba sai na yi masa bayani ba. Saboda nasarar da suka samu a ƙasar Mosawa da Gurunshi, gwamnatinsu ta ba su babbar runduna su tafi tafkin Cadi. Ba a ba su isasshen guzuri ba, an bar su su ci daga ƙasar da suke ratsawa, su kuma suka riƙa biyan 'yan rakiyarsu da mutanen da aka kama. Ashe tsarin Karaga ne ya dawo sanye da kakin Faransa. A farkon 1899 suka bar gaɓar Kwara suka shigo ƙasar Hausa. A Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A Mayu suka yi wa Birnin Konni kisan da har yau ba a manta ba. Labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ya bi sawunsu, sawun kuwa ba wuyar bi, gawawwaki ne da toka. Ranar 14 ga Yuli, 1899, ranar bikin ƙasar Faransa, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka buɗe wa wakilin gwamnatinsa wuta, aka kashe shi. Ya cire anininsa, ya gaya wa abokansa shi ya daina zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa da sojojin da ke hannunsa.

Daular ba ta kwana uku ba. Sojojin, yawancinsu mutanen Sudan ta Faransa, Mali ta yanzu, sun ji cewa ba za su sake ganin gida ba. Ranar 16 ga wata suka harbe Chanoine, wanda ubansa janar ne da ya riƙe ministan yaƙi a Faransa a 1898. Washegari suka harbe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Kada dai wani ya ɗauka ƙasar Hausa ta huta da mutuwarsu: sauran hafsoshin suka tattara rundunar, kafin ƙarshen watan suka ci Zinder. Gwamnati ta yi tir da 'yan tawayen, ta kuma riƙe abin da suka ciwo mata. Rasha ma da Prigozhin ya mutu a haɗarin jirgi ranar 23 ga Agusta, 2023, wata biyu cif bayan borensa, ba ta janye mutanensa daga Mali ba, sai ta maido da su ƙarƙashin ma'aikatar tsaro.

Ragowar mayaƙan Gurunshi da na Babatu ba su rasa aiki ba. Da yawa sun shiga rundunar da Turawan Ingila ke kira ta Hausawa, wadda a gaskiya cike take da Gurunsawa da Mosawa da sauran mutanen arewa, Hausa kawai ce harshen bariki. Wasu gidajen zangunanmu daga nan asalinsu yake, ko da jikokin ba su sani ba.

Babatu kuwa, da ƙasa ta yi masa zafi, Dagwamba ya nufa, wurin mutanen da ya yi wa tawaye tun yana saurayi, a zamanin da Andanin nan da ya taɓa bin su da yaƙi yake kan gadon sarauta. Ya zauna a Yandi, wadda rabon 1899 ya jefa hannun Jamus, ya rasu a can a 1907, shekarar da Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatarsu daga Gambaga suka kawo ta Tamale. Zuriyarsa suna nan, suna nuna wa baƙi kabarinsa da kayan yaƙinsa, har da sarƙoƙin da ake ɗaure bayi. A Sandema kuma, duk watan Disamba, Bulsawa suna fitowa bikin Feok da hulunan ƙaho da kwari da baka, suna rawar ranar da kakanninsu suka kore shi. Na san mutane daga ɓangarorin biyu da ke sayar da masara a layi ɗaya a kasuwar Aboabo, wannan yana tsare wa wancan buhunansa in ya tafi salla.