Katagum: Masarautar Bakin Iyaka

Garin Katagum ba ya cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Yana cikin ta Zaki, shi ne ma hedkwatarta. Ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunansa a Azare take zaune, wajen kilomita 70 kudu da shi, kuma a can ne fadar Mai Martaba Sarkin Katagum take. Sarakunan farko na wannan gida kuwa, da laƙabin Sarkin Borno aka san su a Sakkwato. Duk wannan sarƙaƙiya tana da dalili, kuma daga yanayin ƙasar dalilin ya faro.

Ƙasar Katagum shimfiɗaɗɗiya ce. In ka ɗebe duwatsun Shira da ke kudu maso yamma, sai ka yi ta tafiya ba ka ga wani tudun kirki ba, daga jigawa mai rairayi sai fadama. Kogin Jama'are, wanda a can sama ake kira Bunga, shi ne jijiyarta. Daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya wuce ta Jama'are, ya bi ta gefen garin Katagum, sannan ya haɗu da Kogin Haɗeja a wajajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Da damina yakan cika ya malale fadamu, da rani ya janye ya bar yashi da 'yan kududdufai. Manomin jigawa na shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, na fadama na da shinkafa da kayan lambu, masunci na da rabonsa, makiyayi kuma na jiran ruwa ya janye ya shigo da shanu. Ƙasa ce mai ciyar da mai ita. Abin da ba ta da shi shi ne mafaka. Mahayi zai taso daga gabas ko daga arewa ya iso tsakiyarta ba tare da wani dutse ko daji ya tare shi ba.

Kafin jihadi akwai tsofaffin ƙananan masarautu a wannan yanki: Shira da Tashena, da kuma Auyo da yanzu take ƙasar Haɗeja. Tarihin baka na cewa 'yan'uwa ne suka kafa su. Sun zauna a ƙarƙashin inuwar Borno, ta hannun Galadiman da ke Nguru. Mutanensu na da harsunansu, Shiranci da Tashenanci da Auyakanci, dangin harshen Badawa, amma a yau duk sun ɓace, Hausa ta haɗiye su. Da su, da Barebari da Mangawa, da Fulanin da suka biyo kiwo, da Karekare na gefen gabas, da fataken Kano, aka haɗa mutanen da a yau suke kiran kansu Guddirawa. Wanda ya saurari Guddiranci da kyau zai ji Borno a cikinsa. Ko a tsarin sarauta haka ne: a ƙauyuka da yawa na yankin bulama ake cewa inda Bakano zai ce mai unguwa.

Malam Ibrahim Zaki, ɗan Malam Lawan, shi ne ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo domin wannan yanki. Ya ci Tashena da Shira, sannan ya sa gaba gabas. A 1808 Gwani Mukhtar ya riga ya shiga Birnin Gazargamu, fadar Mai na Borno, amma bai daɗe ba Mai Dunama da Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi suka ƙwace birnin, aka kashe Gwanin. Malam Zaki ya sake cin birnin a karo na biyu, daga nan laƙabin Sarkin Borno ya samo asali. Shi ma bai iya riƙe shi ba. Ya komo yamma ya kafa garin Katagum a bakin kogi, ya rasu a 1814.

Zaɓin wurin ya nuna irin aikin da aka ɗora wa masarautar. Ba a kafa fadar a Shira ba, inda akwai duwatsu da tsohuwar sarauta. An kai ta can arewa, kusa da bakin daga, ta fuskanci Borno. Ribaɗi ne, sansanin tsaron gabashin Daular Usmaniyya. Tunda kuwa babu dutsen da za a jingina da shi, sai aka gina kariya da hannu.

Muna da shaidar wanda ya ga wannan kariya da idonsa. A farkon watan Janairun 1824 wasu Turawa biyu 'yan Sikotilan, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Sarki a lokacin shi ne Muhammadu Ɗankauwa, wanda ya hau a 1816 ya yi shekara 30 a gadon sarauta. Clapperton ya rubuta cewa tun barinsa Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin wannan ba. Garin murabba'i ne mai ƙofa huɗu, ganuwa biyu ce ta kewaye shi, kowace tsayinta ya kai ƙafa 20, ga kuma gwalalo uku: ɗaya a waje, ɗaya tsakanin ganuwar biyu, ɗaya a ciki. Ya kimanta mutanen garin da 7,000 zuwa 8,000, ya kuma ce an gaya masa ƙasar na iya fitar da dawakai 4,000 da dakaru 20,000. Ko da an ɗan yi ƙari a wannan lissafi, ka duba ratar da ke tsakanin yawan mazauna garin da yawan mayaƙan, za ka ga irin garin da ake magana.

Akwai wani abu da ya gani a kasuwa wanda, a ganina, ya fi ganuwar bayyana matsayin Katagum. A nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri. A Borno, inda ya baro, da ƙyallayen saƙi da musaya ake saye da sayarwa. Ashe iyakar ba ta sojoji kaɗai ba ce, har kuɗi ma a nan yake sauya kama. Falken da ya taso daga Kukawa da kanwa da dawakai, a Katagum zai fara ƙirga wuri. Oudney dai bai kai Kano ba. Ciwon ƙirji da ya daɗe yana fama da shi ya kashe shi ranar 12 ga Janairu a Murmur, kusa da Katagum, a nan aka binne shi.

Ganuwar ba ta hana abin da ake tsoro faruwa ba. A 1826 Elkanemi ya taso da runduna ya nufo Kano, dole aka fice daga Katagum. Sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya zo, suka haɗa ƙarfi da Ɗankauwa, aka kara a Fake, sannan Borno ta ja da baya. Bayan wannan yaƙi ne aka samu saɓani tsakanin Bauchi da Katagum a kan Misau, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama a 1831 ya ba Mamman Manga, ɗan Gwani Mukhtar. Jama'are ma ta tsaya da ƙafarta a gefen yamma. Wato tun farko a Sakkwato ake zana iyakar Katagum. Bala'in da ya fi ci wa ƙasar tuwo a ƙwarya ma ba daga Borno ya zo ba. Daga Haɗeja ya zo, lokacin da Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye a shekarun 1850, ya riƙa kai hari kan maƙwabta har ya mutu a 1863 a yaƙi da Badawa.

A nan yana da kyau a leƙa can kudancin Afirka, domin a wannan shekara ta 1824 da Clapperton ke auna ganuwar Katagum, wani sarki mai suna Moshweshwe yana hawa da jama'arsa kan wani dutse mai faɗin kai da ake kira Taba Bosiu, yana gudun yaƙe-yaƙen da suka hargitsa yankin. Shi ma ƙaramar ƙasa ya haɗa daga tarkacen al'ummomi, shi ma manya ne suka kewaye shi. Bambancin shi ne yana da dutse. An kai masa hari sau da dama ba a ci dutsen ba. Da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka matsa masa, sai ya nemi kariyar Ingila, aka ba shi a 1868. Da aka haɗa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910 ba a sa ƙasarsa ciki ba, kuma ranar 4 ga Oktoban 1966 ta sami 'yanci da sunan Lesoto. Ba ta da teku, Afirka ta Kudu ce ta zagaye ta ta ko'ina. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 30,000 ne, bai kai na Jihar Bauchi ba, mutanenta kuma sun ɗan haura miliyan 2, alhali ƙidayar 2006 ta ba Jihar Bauchi fiye da miliyan 4.6. Amma tana da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Firaminista ne ke tafiyar da gwamnati a Maseru, Sarki Letsie na Uku uban ƙasa ne, kuma a majalisar dattawansu mai kujera 33, kujeru 22 na manyan hakimai ne, tsarin mulki ne ya ba su.

Katagum ta bi wata hanyar dabam da Turawan Ingila ɗin nan dai. Bayan faɗuwar Kano a 1903 Sarki Abdulƙadir na Biyu ya miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. Haɗeja da ta ƙi, an ci ta da wuta a 1906. Turawa suka mai da garin Katagum mazaunin jami'insu, suka sa yankin ƙarƙashin Lardin Kano. To, da Borno da Sakkwato suka koma ƙarƙashin gwamna ɗaya, iyakar da aka gina garin dominta sai ta gushe. Abin da ya rage shi ne gari a can ƙuryar arewa, nesa da yawancin talakawan da za a karɓi haraji da jangali a hannunsu, ga ruwa yana yanke hanya da damina. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir na Uku, aka mai da fada Azare, wadda take tsakiyar ƙasar kuma a kan hanyar Kano zuwa Borno ta Fataskum. Bayan shekara 10 aka cire masarautar daga Lardin Kano aka haɗa ta da na Bauchi. Mutumin Azare har yau Kano ce kasuwarsa, amma takardarsa Bauchi take zuwa.

Kogin ma yana da nasa sharrin. Kurmin bakinsa matattarar ƙudan tsando ne, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Shi ya sa a shekarun 1920 Turawa suka kafa sansanin binciken wannan ƙuda a Sharifuri, daga baya suka mai da shi Gadau, inda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi aiki a shekarun 1930 kafin a ɗora masa shirin sabon garin Anchau a ƙasar Zazzau. Gadau ɗin nan ce yanzu mazaunin jami'ar jihar, wadda aka sa wa sunan Sa'adu Zungur.

Daga 1909 zuwa 2017 sarakuna uku kacal Katagum ta yi: Abdulƙadir na Uku har 1947, Umaru Faruƙ har 1980, sai Muhammadu Kabir Umar da ya rasu a Disambar 2017, ɗansa Umar Faruƙ na Biyu ya gaje shi. Gidan ya zauna daram, amma ikon ya riƙa zarewa. A zamanin En'e sarki na da alƙalai da 'yan doka da gidan yari da baitulmali. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran. A wannan shekarar ce kuma aka ƙirƙiro Jihar Bauchi daga Jihar Arewa maso Gabas. Ƙasar masarautar ta rabu zuwa ƙananan hukumomi shida: Katagum, Zaki, Gamawa, Itas/Gadau, Shira da Giade. Ta Katagum kaɗai ƙidayar 2006 ta ba ta kusan mutum 300,000. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, gwamna da majalisar jiha ke yanke yadda masarauta za ta kasance, kamar yadda aka gani a 2025 da aka ƙirƙiro sababbin masarautu 13 a jihar, har da Gamawa da Giade.

Abin da ƙasar ta rasa na iko a gida, 'ya'yanta sun nemo shi ta aikin gwamnati. Sule Katagum ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya. Abubakar Tatari Ali ya yi gwamnan Bauchi daga 1979 zuwa 1983. Aminu Saleh da Mahmud Yayale Ahmed duk sun riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Adamu Adamu ya yi ministan ilimi daga 2015 zuwa 2023. Don haka ba abin mamaki ba ne da Azare take da kwalejin ilimi mai sunan Aminu Saleh da jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya.

Sai dai manyan abubuwa biyu da ake ta magana a kansu a ƙasar har yanzu a hannun wasu suke. Na farko ruwa. Lesoto a bakin mafarin koguna take, har sayar wa Afirka ta Kudu da ruwa take yi daga madatsar Katse, bisa yarjejeniyar 1986. Katagum a tsakiyar hanyar ruwa take. Madatsar Kafin Zaki da ake maganarta tun zamanin Shagari a can sama za a gina ta, a ƙasar Ningi, kuma mutanen Yobe da Borno da ke ƙasa sun daɗe suna adawa da ita don tsoron fadamunsu su bushe. An fara aikin an tsayar fiye da sau ɗaya. Na biyu shi ne neman Jihar Katagum, wanda aka sha kaiwa gaban kwamitocin gyaran tsarin mulki, musamman tun da Gombe ta samu tata a 1996. Sashe na 8 na tsarin mulki ya ce sai kashi biyu bisa uku na wakilan yankin sun sa hannu, a yi ƙuri'ar raba gardama, yawancin jihohin ƙasar su amince, sannan Majalisar Tarayya ta amince da kashi biyu bisa uku. Tun bayan Yankin Yamma ta Tsakiya a 1963, ba a sake ƙirƙiro jiha a Najeriya a ƙarƙashin mulkin farar hula ba.