Ahmadu Ahijo da Manufar Kamaru a kan Nijeriya, 1961-1975

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa kuma shugaban Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ya tafiyar da hulɗar diflomasiyya da Nijeriya. Hujjarta ita ce tsoron ɓallewar wani yanki a cikin gida ya fi matsin lambar Faransa tasiri a kan matsayinsa.

Asarar 1961

A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, Kudancin Kamaru na Ingila ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, Arewacinsa kuwa ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna. Abin ya yi wa Ahijo ciwo, domin yankin da ya kuɓuce masa ɗin ya haɗa da wani ɓangare na tsohuwar masarautar Adamawa, wadda Garwa ke cikinta. Ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, amma a Disambar 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan gundarin ƙarar. Duk da haka bai tayar da jijiyar wuya a bakin iyaka ba. A matsayinsa na ɗan Garwa, ya san cewa jiragen ruwan da a wancan zamani ke ɗaukar auduga da gyaɗa daga tashar garin a lokacin damina, ta Binuwai suke gangarawa, su ratsa Yola kafin su kai teku.

Yaƙin Basasa

Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, Shugaba de Gaulle na Faransa ya karkata ga 'yan aware, Gabon da Kwaddibuwa ma suka amince da Biyafara. Ahijo, wanda ake yi wa kallon ɗan gaban goshin Faransa, ya ƙi bin sahu. Ya shiga kwamitin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa a Kinshasa, ya tsaya a kan ɗorewar Nijeriya dunƙule. Ana yawan danganta wannan da zumuncin Fulani da addini, amma wannan bayani bai gamsar ba. Shugaban da ke riƙe da tarayya mai yanki biyu, ɗaya na Turancin Ingilishi ɗaya na Faransanci, ba zai so a buɗe ƙofar ɓallewa a maƙwabtansa ba.

Sanarwar Marwa

Ranar 1 ga Yunin 1975 Ahijo da shugaban Nijeriya Janar Yakubu Gowon suka sa hannu a Marwa kan tsawaita layin iyakar ruwa ta ƙasashen biyu. Ba a cika wata biyu ba aka kifar da Gowon, daga baya Nijeriya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta tabbatar da takardar ba. Kotun Duniya ta yi watsi da wannan uzuri ranar 10 ga Oktoban 2002 a shari'ar Bakasi tsakanin Kamaru da Nijeriya, ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya ɗaure ƙasarsa. A lokacin Ahijo ya kusa shekara 13 da rasuwa a gudun hijira a Dakar.