Barci ƙanen mutuwa: tarihin banju da darasin awo

Hausawa kan ce barci ƙanen mutuwa ne, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar ɗakin fiɗa. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, wanda za a yanke wa ƙafa ƙarfafan maza ne ke danne shi, yana ji yana gani. A wancan zamani sauri shi ne gwanintar likitan fiɗa, domin kowane minti ƙarin azaba ne.

Ranar 16 ga Oktoba 1846, a babban asibitin Masacusets da ke birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani saurayi tururin sinadarin eta. Saurayin ya yi barci, likita John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya ba tare da ihu ba. Kafin ƙarshen Disamba an gwada abin a Landan da Paris. A Nuwamba 1847 kuma, James Young Simpson na Edimbura ya gabatar da kulorofom, wanda ya fi eta saurin kamawa da daɗin shaƙa. Irin wannan magani shi ne banju, sunan da Hausa ta aro daga Larabci.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Ranar 28 ga Janairu 1848, a wani ƙauye kusa da Niyukasil a Ingila, aka zaunar da wata yarinya ƴar shekara 15, Hannah Greener, don a cire mata farcen ƙafa. Aka ɗiga kulorofom a ƙyalle, aka kara mata a hanci. Cikin mintoci kaɗan ta cika. Ita ce ta farko da aka rubuta cewa kulorofom ya kashe. Ciwon farce ba ya kisa, saboda haka tambayar ta fito fili: ina iyakar da ke tsakanin barcin magani da mutuwa?

Wanda ya duƙufa kan amsar shi ne John Snow, likita a Landan. Tun 1847 ya kasa barcin eta mataki biyar, daga jiri mai sauƙi har zuwa raunin numfashi da ke gab da ajali, ya kuma bayyana alamomin kowane mataki a ido, da numfashi, da motsin jiki. Ya ƙera na'urar shaƙa mai mazubin ruwa da ke daidaita ɗumin maganin, domin ya gane cewa yawan tururin da ke tashi ya danganta da zafi. Da ya bi diddigin waɗanda kulorofom ya kashe, ya yanke cewa tururi mai kauri ne ke tsayar da zuciya. Daga nan ka'idoji biyu suka kafu: a auna magani, a kuma samu mutum guda wanda aikinsa kawai lura da majinyaci. Shi ne ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom a haihuwarta ta 1853.

Magungunan da suka biyo baya sun sake koyar da darasin. A 1884 Carl Koller ya nuna a Biyana cewa hodar koken na kashe jin ido, majinyaci yana farke. A 1898 August Bier, a Jamus, ya yi allurar cikin gadon baya mai kashe rabin jiki na ƙasa, wadda ke iya saukar da ƙarfin bugun jini farat ɗaya. A Janairu 1942, a Mantiriyal, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da kurare, dafin kibiya na mazauna Amurka ta Kudu, don sake tsokoki. Amma kurare ba ya sa barci, ba ya kashe zafi, kuma yana shanye tsokokin numfashi. Binciken Beecher da Todd na 1954, kan fiɗa kusan 600,000, ya gano cewa mutuwa ta ninka kusan sau shida inda aka yi amfani da irinsa. Maimakon a jefar da maganin, sai aka koyi sa bututu a maƙogwaro da hura wa majinyaci iska har dafin ya sake shi.

Wannan tarihi bai tsaya a Turai da Amurka ba. A asibitocin gundumomin Nijar, inda likitocin banju suka yi ƙaranci, galibi ƙwararrun ma'aikatan jinya ne ke tsaye a kan mai naƙudar da za a yi wa fiɗa. Makamansu allurar gadon baya ce da ketamin, maganin da aka haɗa a 1962, wanda bai cika danne numfashi ko saukar da bugun jini ba. Ɗalibin da ke koyon aikin ɗakin fiɗa, idan an matsa masa ya karanta tambarin kwalba da babbar murya, ya maimaita awo, ya rubuta suna a jikin sirinji, kada ya ɗauka tsanani ne na malamai. Kowace ɗaya daga waɗannan ka'idoji an saye ta da ran wani, tun daga yarinyar da ta zauna a cire mata farce a 1848.