Binciken Tsufa Tsakanin Tsirarun Ƙabilu a Birtaniya

Samarin Karibiyan da suka sauka daga jirgin ruwan Empire Windrush a tashar Tilbury a watan Yunin 1948, da waɗanda suka biyo sahunsu daga Mirpur da Sylhet da Punjab domin aiki a masaƙun Bradford da masana'antun ƙarfe na Birmingham, ba su je da niyyar tsufa a can ba. Cin rani suka je, a tara abin da ya samu a koma gida. Muhammad Anwar ya nuna a littafinsa na 1979 kan 'yan Pakistan cewa komawar nan ta tsaya a fatar baki. Hukuma ma ta ɗauka za su koma, shi ya sa furfura ta riske su babu wani tanadi, kuma manazarta ba su waiwaye su sosai ba sai wajen 1985, lokacin da Alison Norman ta yi bayanin nauyi uku da ke kansu: tsufa, da wariyar launin fata, da rashin samun kulawar hukuma.

Cikas na farko ga binciken tsufansu na lissafi ne. Sai a ƙidayar 1991 aka fara tambayar ƙabila a Birtaniya. Babban binciken tsufa na Ingila, ELSA, wanda tun 2002 yake bibiyar masu shekara 50 zuwa sama, ya ɗebo mutanensa daidai da yawan jama'a, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na tsofaffin ƙasar fararen fata ne. Tsirarun da suka shiga ba su kai a rarrabe su ba, sai a zuba su a kwando ɗaya. A nan ɓarnar take. Likita ɗan Najeriya da ya yi ritaya da fanshonsa da tsohuwa 'yar Somaliya da ta tsere wa yaƙi duk “baƙar fata ɗan Afirka” ne a takarda. Ɗan kasuwa ɗan asalin Gujarat da Idi Amin ya kora daga Uganda a 1972 da leburan Mirpur da madatsar ruwan Mangla ta cinye gonarsa duk “ɗan Asiya” ne. Matsakaicin adadin da za a fitar daga irin wannan haɗin ba ya bayyana halin ko ɗayansu. Binciken Understanding Society, da aka fara a 2009, ya rage matsalar ta hanyar ƙara yawan mutane daga ƙabilu biyar da gangan, sai dai ba don tsofaffi aka tsara shi ba.

Cikas na biyu ya fi ɓuya, yana cikin ma'aunin kansa. A ɗauki gwajin MMSE na 1975, da ake auna cutar mantuwa da shi. Ana tambayar kwanan wata, a ce mutum ya riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla ɗaya, ya kwaikwayi wani zane. Dattijuwar da ta taso a ƙauyen Sylhet ba ta taɓa riƙe fensir ba, watan Musulunci take ƙirgawa, ranar haihuwar da ke fasfonta ma ƙiyasi ce, sau da yawa 1 ga Janairu. Za ta faɗi gwajin alhali ƙwaƙwalwarta garau, tana riƙe da sunayen jikoki da lissafin bashin kowa. Don haka aka ƙirƙiro gwajin RUDAS a Ostireliya a 2004, wanda bai jingina sosai ga karatun boko ba. Fassara ma ba ta raba gardama: takardar tambayoyi da daidaitaccen Bangla ko Urdu take zuwa, tsohuwar kuwa Sylheti ko Pahari take ji. Idan aka rasa tafinta sai a jawo ɗanta. Wace uwa ce za ta faɗa ta bakin ɗanta cewa kaɗaici na damunta, ko fitsari na kufce mata, ko ba ta san inda kuɗin fanshonta ke shiga ba? Sai ta ce lafiya lau, mai bincike ya rubuta lafiya lau. Daga irin wannan amsa ce zaton nan ke samun gindin zama, wai su ai 'ya'yansu na kula da su, zaton da ya daɗe yana sauƙaƙa wa ma'aikatan jin daɗin jama'a kawar da kai. Alhali rahoton wani kwamitin 'yan majalisa na 2013 ya ƙiyasta masu cutar mantuwa cikin tsirarun ƙabilu a Ingila da Wales sun kai 25,000, kuma za su haura 170,000 nan da 2051.

Ana yawan cewa waɗannan dattawa suna da wuyar samu. A ganina wannan ɗora laifi ne a kan wanda aka ƙi nema, domin suna nan a masallatai da coci-coci da wuraren ibadar Sikh kowane mako. Abin da ke da wuyar samu amana ce, musamman bayan badaƙalar Windrush ta 2018, inda aka tsare wasu da suka shafe rabin ƙarni a ƙasar, aka kori wasu, saboda rashin takardu. Wanda ya ga haka ba zai yi saurin sa hannu a takardar amincewa da shiga bincike ba.

James Nazroo da abokan aikinsa sun daɗe suna jayayya cewa tazarar lafiya tsakanin ƙabilu tana faɗaɗa ne da shekaru, saboda aikin dare da ƙaramin albashi da gida mai danshi da wariya taruwa suke yi a jiki. Tabbatar da haka sai an bi mutum tsawon rayuwa. Binciken SABRE ya yi hakan: ya ɗauki mutane kusan 4,900 a Southall da Brent tsakanin 1988 da 1991, ya gano cewa zuwa shekara 80 ciwon sukari ya kama 'yan Kudancin Asiya da 'yan Karibiyan kusan ninki biyu na Turawa. Amma yanki ne na Landan, kuma waɗanda suka yi ƙaura da ƙafarsu ne. 'Ya'yansu da aka haifa a Birtaniya, masu Turanci da takardun makaranta, yanzu suke shiga shekara sittin. Idan tazarar ta bi su, to ba za a iya ɗora ta a kan harshe ko wahalar ƙaura ba, kuma kafin a gane hakan sai an sa su cikin bincike da yawan da zai isa a ware kowace ƙabila daban.