Tarihin Saɓanin Malamai a kan Auren Mutu'a

Gabatarwa

Auren mutu'a, wanda wasu ke kira auren wucin gadi, shi ne a ƙulla aure tsakanin namiji da mace zuwa wani wa'adi da aka ambata, kwana ɗaya ne ko wata ko shekaru, a kan wani lada da aka yanka. Da zarar wa'adin ya cika, igiyar auren ta warware da kanta ba tare da saki ba. Kalmar ta fito ne daga tushen Larabci mai ma'anar jin daɗi ko amfanuwa. Malaman Sunna da na Shi'a sun haɗu a kan cewa an taɓa halatta wannan aure a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Inda suka rabu shi ne wajen amsa tambaya guda: Annabi ne ya haramta shi kafin wafatinsa, ko kuwa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ne ya hana shi daga baya? A kan wannan amsa halaccin auren ya rataya, haka kuma matsayin matar da aka aura da haƙƙoƙinta.

Asalinsa da halaccinsa na farko

Larabawa sun san aure mai wa'adi tun kafin zuwan Musulunci. Ammianus Marcellinus, masanin tarihi na daular Rum da ya rayu a ƙarni na 4 na Miladiyya, ya ambata cewa Larabawan sahara kan ɗauki mata na wani lokaci bisa yarjejeniya. A farkon Musulunci kuwa, ruwayoyin halaccin sun fi alaƙa da tafiye-tafiyen yaƙi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa sahabbai sun kasance suna fita yaƙi babu matansu tare da su, har suka nemi izinin yi wa kansu dandaƙa. Annabi ya hana su, sannan ya yi musu rangwamen auren mace zuwa wani ajali, ko da a kan tufa ne.

Ayar Suratun Nisa'i

Hujjar farko ta masu halattawa ita ce aya ta 24 ta Suratun Nisa'i, inda kalmar istamta'atum ta zo tare da umarnin a bai wa mata ladansu. Malaman Shi'a Imamiyya sun ce a kan mutu'a ayar ta sauka. Suna ƙarfafa wannan da wata ƙira'a da Ɗabari ya kawo a tafsirinsa, wadda aka jingina wa Ubayyu ɗan Ka'abu da Ibn Abbas, mai ɗauke da ƙarin kalmomin da ke ambaton ajali.

Malaman Sunna sun bi hanyoyi biyu wajen amsawa. Wasu suka ce ayar tana magana ne a kan aure na dindindin, ladan da ta ambata kuma sadaki ne, sannan waccan ƙira'a ba ta cikin Mus'hafin da al'umma ta haɗu a kansa. Wasu suka yarda a kan mutu'a ta sauka, amma suka ce an shafe hukuncinta. Sukan kafa hujja da ayoyi na 5 zuwa 7 na Suratul Mu'minuna, waɗanda suka taƙaita halaccin saduwa ga matar aure da baiwa, suna cewa matar mutu'a ba ta cika sunan matar aure ba tunda babu gado babu saki a tsakaninta da mijin. Imamiyya suka mayar da martani cewa Mu'minuna a Makka ta sauka, Nisa'i kuma a Madina, kuma abin da ya gabata ba ya shafe abin da ya biyo bayansa. Ganin ayoyin ba su yanke gardamar ba, sai nauyin muhawarar ya koma kan hadisai.

Yaushe aka haramta?

Hadisan haramcin suna cikin ingantattun littattafan Sunna, sai dai sun bambanta wajen ambaton lokaci. Malik da Buhari da Muslim sun ruwaito daga Aliyu ɗan Abi Ɗalib cewa an hana mutu'a da cin naman jakunan gida ranar Haibar, a shekara ta 7 bayan hijira (628 Miladiyya). Muslim ya ruwaito daga Sabra al-Juhani cewa an yi izininta a shekarar buɗe Makka, wato shekara ta 8 (630), sannan aka haramta ta har zuwa ranar ƙiyama. Salama ɗan Akwa'u ya ce an yi rangwamen kwana uku a shekarar Auɗas, aka kuma hana. Wata ruwaya a wajen Abu Dawuda ta sanya hanin a hajjin ban kwana, shekara ta 10. Ibn Hajar ya ƙirga wurare shida da aka ambata a ruwayoyi daban-daban.

Malaman hadisi sun yi ƙoƙarin daidaita waɗannan ruwayoyi. Nawawi (ya rasu 676/1277) ya zaɓi cewa sau biyu aka halatta, sau biyu aka haramta: an hana a Haibar, aka sake yin izini a buɗe Makka, wanda shekara ɗaya ne da Auɗas, sannan aka rufe ƙofar har abada. Ibn Ƙayyim (ya rasu 751/1350) ya tafi a kan cewa sau ɗaya aka haramta, a shekarar buɗe Makka, kuma ambaton Haibar a hadisin Aliyu ya shafi naman jakuna ne kaɗai. Malaman Imamiyya kuwa sun ɗauki wannan bambancin lokuta a matsayin alamar rauni. Shehu Ɗusi ya fassara ruwayar hanin da aka jingina wa Aliyu da cewa taƙiyya ce.

Umar da Ibn Abbas

Ruwayar da ta fi zafafa muhawarar ita ce ta Jabir ɗan Abdullahi a Sahihu Muslim, wadda ke cewa sun yi mutu'a a kan tafin dabino ko gari a zamanin Annabi da na Abubakar, har Umar ya hana saboda lamarin Amru ɗan Hurais. Muwaɗɗa ta kawo wani labari makamancinsa: Haula 'yar Hakim ta sanar da Umar cewa Rabi'a ɗan Umayya ya yi mutu'a da wata mace har ta ɗauki ciki, sai Umar ya fito a firgice yana jan mayafinsa, ya ce da ya riga ya yi gargaɗi a kan haka da ya yi jifa.

Ga Imamiyya, wannan shaida ce cewa hanin ijtihadin halifa ne, kuma babu mai ikon haramta abin da Annabi ya bari a kan halacci. Ga malaman Sunna, Umar bai ƙirƙiro hukunci ba, ya bayyana wa jama'a ne haramcin da bai kai ga kunnen wasu ba. Suna dogara da ruwayar Ibn Majah, inda Umar ya faɗa a huɗuba cewa Annabi ne ya yi izini sannan ya haramta, da kuma shirun da taron sahabbai suka yi masa.

Duk da haka maganar ba ta mutu nan take ba. Abdullahi ɗan Abbas (ya rasu 68/687) ya ci gaba da fatawar halacci, har Abdullahi ɗan Zubairu ya yi masa barazana a Makka, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wasu ruwayoyi sun ce ya taƙaita ta ga halin larura, wasu sun ce ya janye a ƙarshen rayuwarsa. Almajiransa kamar Aɗa'u da Ɗawusu, da kuma Ibn Juraij (ya rasu 150/767), an jingina musu wannan ra'ayi. Masu tarihi sun kuma ruwaito cewa Halifa Ma'amun na Abbasiyya (813 zuwa 833) ya sa an yi shelar halaccinta, alƙalinsa Yahaya ɗan Aksam ya shawo kansa ya janye.

Matsayin mazhabobi

Zuwa ƙarni na 3 bayan hijira, mazhabobin Sunna huɗu sun tsaya a kan haramci da ɓacin ɗaurin. Zufar, almajirin Abu Hanifa, ya keɓanta da cewa aure mai wa'adi yana ƙulluwa na dindindin, sharaɗin wa'adin ne ke faɗuwa. Ibadiyya ma sun haramta, haka Zaidiyya da Isma'iliyya, alhali su biyun ɓangarorin Shi'a ne. Imamiyya kaɗai suka riƙe halaccin, suna dogara da ruwayoyin Muhammad Baƙir da Ja'afar Sadiƙ da Kulaini ya tattara a cikin al-Kafi. A fiƙihunsu, dole a ambaci wa'adi da lada a lafazin ɗauri, shaidu ba sharaɗi ba ne, babu ciyarwa ta wajibi, iddar matar jini biyu ce ko kwana 45, ɗan da aka haifa kuma na uban ne, yana gadonsa.

Muhawarar a wannan zamani

Dokar farar hula ta Iran ta amince da wannan aure a sashe na 1075 da masu biye masa, jama'a kuma suna kiran sa sige. Murtala Muɗahhari ya kare shi a matsayin mafita ga matasan da ba su da halin aure, Shugaba Rafsanjani ma ya yi kira gare shi a wata huɗubar Juma'a a 1990, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a cikin Iran kanta. Shahla Haeri, a bincikenta na 1989, ta nuna cewa galibin matan da ke shiga cikinsa zawarawa ne da masu ƙaramin ƙarfi, kuma al'umma ba ta daina yi musu kallon raini ba.

Marubutan Shi'a sukan jefa wa 'yan Sunna tambaya a kan auren misyar, wanda mace ke yafe ciyarwa da muhalli, da kuma aure da niyyar saki. Amsar da ake ba su ita ce a waɗannan ba a ambaton wa'adi a ɗauri, gado da saki kuma suna nan. A 2006 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta amince da misyar, ta hana aure da niyyar saki saboda yaudarar da ke cikinsa.

A ƙasar Hausa, inda mazhabar Malikiyya ta kafu, almajiri kan haɗu da hukuncin tun a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386/996), wadda ta jera auren mutu'a cikin aurarrakin da ba su halatta ba. Mas'alar ta zauna a littafi tsawon ƙarnoni, sai bayan juyin juya halin Iran na 1979 da yaɗuwar Shi'anci a Afirka ta Yamma ta fito dandalin wa'azi.

Kammalawa

Ruwayoyin da ɓangarorin biyu ke ja-in-ja a kansu kusan ɗaya ne; ma'aunin karɓarsu ne ya bambanta. Wanda ya yarda da adalcin sahabbai baki ɗaya zai karanta matakin Umar a matsayin zartar da hanin Annabi. Wanda ya ɗauki maganar imaman Ahlul Baiti a matsayin hujja yankakkiya zai karanta shi a matsayin ijtihadin da ba ya ɗaure kowa. Don haka saɓanin mutu'a reshe ne na babban saɓani a kan wanda ya cancanci fassara Sunna bayan wafatin Annabi, abin da ya sa ya wuce shekara 1,300 ba a rufe shi ba.